Jatau, Zakaran Gida Biyu

Ranar Talata ce da hantsi, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Mu uku ne a gida: Mama, da Yaya, wato wana da nake bi, da ni. Babanmu ya riga ya rasu. Abin da ya bar mana bayan shekarun da ya yi yana aikin jirgin ƙasa shi ne gida a bayan tasha a Kafanchan, da gonar citta a hanyar Kagoro. Ni na gama sakandare, ina zaman jiran aiki. Na huɗunmu, in za a sa shi a lissafi, wani jan zakara ne da muke kira Jatau, kuma a kansa ne aka kusa ƙone mana gida a ranar.

Abin da ya tono mini zancen ƙarami ne. Kwanan baya, a nan Sabon Tasha inda nake zaune wurin 'yata, wani maƙwabci ya sayo zakara ya ɗaure shi a bayan gida. Jikana ya tsaya daga nesa yana kallonsa, ya ce, "Kaka, yana cizo?" Na buɗe baki zan ce a'a, sai na kasa. Yaron bai san kaza ba sai a leda, an fito da ita daga firiza, ko kuma fararen nan da ake cusawa a keji a bakin titi, waɗanda ba su san mai su ba, ba sa ma daɗewa a duniya har su koyi cara. Kafin kwana biyu an kai ƙarar zakaran wurin mai gidan haya, wai yana hana mutane barci. Mu da muka tashi, babu wanda zai kai ƙarar zakara. Shi ne farkon abin da kunne ke ji. Daga shi sai kiran salla daga masallacin bakin kasuwa, sai ƙararrawar coci, sai usur ɗin jirgin safe, sai taɓarya ta fara sauka a turmi gida-gida. Wanda bai tashi ba bayan wannan, to ba shi da lafiya ne.

A lokacin kowane zakara da halinsa, kuma unguwa ta san shi kamar yadda ta san halin magidanta. Akwai matsoraci, wanda in shaho ya gitta shi ne farkon shiga akurki, ya bar kaji a fili. Akwai marowaci, ya tono ya cinye shi kaɗai. Akwai mai neman faɗa, wanda yara ke canja hanya saboda shi in an aike su. Mama takan ce in kana son sanin zakara, ka watsa tsaba ka koma gefe ka zuba ido. Na kirki zai ɗauki ƙwaya ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye, yana kiran kaji da wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, ba zai haɗiye ko ɗaya ba sai sun taru. Jatau haka yake, har ya wuce. Tun yana ɗan tsako muzuru ya ɗauke uwarsa, sai Mama ta raine shi a kwando kusa da murhu, in sanyi ya yi ta naɗe shi a gefen zaninta. Ya girma bai san tsoron mutum ba. Ana ɗaukarsa kamar kyanwa. In baƙo ya shigo, yakan rako shi har bakin ɗaki, ya tsaya yana karkata kai kamar mai jiran a gaisa.

Tsakaninmu da maƙwabtanmu dangar zana ce, kuma a jikinta akwai wata kafa da mutum zai iya ratsawa in ya sunkuya. Babu wanda ya san ranar da aka yi ta. Ta nan ake karɓo garwashi da gishiri, ta nan turmi ke tafiya aro, ta nan yara ke kai da kawowa. Mai gidan can tela ne, dattijo Musulmi, wanda iyayensa suka zauna a garin tun kafin a haifi babanmu. Baba Malam muke ce masa, shi kuma yana ce wa Mama Maman yara. Kullum da safe Jatau yakan ratsa kafar ya je ya kwanta a gindin keken ɗinkinsa, Baba Malam ya zaro gero daga aljihu ya ba shi a tafin hannu. Yakan ɗaga murya ta saman danga ya ce, "Maman yara, sai haƙuri, ladaninmu ya musulunta." Mama ta ce, "Ina! Wa'azi ne yake zuwa yi muku, kai ne dai mai taurin kai."

Akwai wata al'ada da yaran yanzu ba za su gane ba sai an yi musu bayani. Duk Kirsimeti, Mama ba ta yarda wani a gidanmu ya yanka kaza. Sai ta aika a kira Baba Malam, ya ratso ta kafar da wuƙarsa, ya fuskanci gabas ya yanka, domin in an dafa a kai musu su ci babu shakka a ransu. Da Sallah kuma cinyar rago ta biyo ta kafar zuwa wurinmu. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da yawa haka suke yi, kuma ba a ɗauke shi wani abin a faɗa ba.

Sai dai shekarar ba ta yi daɗi ba. An yi rigima a wani gari nesa da mu, kuma kowace mota da ta sauke fasinja sai ta sauke labari, wannan ya fi na jiya muni. Mutane suka fara lura da wanda suke saye a wurinsa a kasuwa. A cikin wannan hali ne Yaya ya yi cacar baki da babban ɗan Baba Malam, wanda ke sayen citta a kasuwa, a kan ruwan kwata da ke gangarowa daga gidansu zuwa inda muke shanya. Yaya mai saurin fushi ne, kuma muryarsa ba ta san ƙasa ba. Ya ce, "Duk abin da ya sake tsallako mana daga gidan nan, za ku gani." Ruwa yake nufi. Amma rabin unguwa ta ji, kuma ba kowa ne ya san ruwa ake magana a kai ba.

To, a ranar Talatar, Mama tana ɗaki tana tsince acha. Ni ina madafa ina juya gwate. Yaya yana bayan ɗakuna yana tsaga citta da 'yar wuƙa, kamar yadda ake yi kafin a shanya. Tsakar gida babu kowa sai citta a baje da kaji, cikinsu har da wata kaza wake-wake da ba ta daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Ba mu san cewa jikar Baba Malam, 'yar babban ɗan nasa, yarinya da ba ta isa shiga makaranta ba, ta ratso ta kafar ba.

Abin da na ji yana nan a jere a kunnena har yau. Da farko kukan ɗan tsako, irin na wanda aka matse. Sai ihun kaza. Sai fukafukai, faf-faf-faf, kamar ana kakkaɓe tabarma. Sai shiru kaɗan. Sannan yarinya ta tsala ihu.

Kafin in fito Yaya ya riga ya ɗauke ta. Jini ya rufe mata rabin fuska, ba a ganin idon hagu. Tsaga ce siririya, miƙaƙƙiya, daga saman gira zuwa kunci. Wuƙar citta tana hannunsa na dama, bai ma san yana riƙe da ita ba. Jatau kuwa yana can bakin kwata yana tono abinsa. Yaya ya sunkuya ya ratsa kafar da gudu yana kiran uwar yarinyar. Ita kuma abin da ta gani ke nan: mutumin da ya ce za a gani, da 'yarta a hannu, da jini, da wuƙa.

"Ya yanke ta! Wayyo Allah, jama'a, ya yanke ta!"

Mata suka ƙwace yarinyar, aka tare mai babur aka yi asibiti da ita. Baba Malam ba ya nan, ya shiga kasuwa sayen zare. Yaya ya dawo rigarsa jiƙe da jini, yana ta maimaita cewa shi ɗaukarta kawai ya yi. Mama ba ta tambaye shi komai ba. Ta karɓi wuƙar ta ɗora a kan turmi a tsakar gida, ta tura shi ƙuryar ɗaki ta sa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Na ɗebo ruwa zan wanke wuƙar, ta ce, "Kada ki taɓa. In kin wanke, sun ce mun ɓoye." Sannan ta kama kafaɗata ta ce, "Me kika gani?" Na ce ban ga komai ba, ji na yi. Ta ce, "To me kika ji?" Na faɗa mata. Ta juya ta daɗe tana kallon Jatau.

Labari ya riga mu zuwa kasuwa. Ba a jima ba muka fara jin hayaniya daga bakin layi, irin wadda ba a rarrabe kalma a cikinta. Daga ɗaya gefen kuma, wajen coci, samarinmu su ma sun fara taruwa, domin su an ce musu za a ƙone gidan gwauruwa. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ta katangar baya da sanda a hannu ya ce, "Mama, ki ce mana kawai. Muna nan." Mama ta ce, "Sauka mini daga katanga. Ka koma ka gaya musu, duk wanda ya ɗaga dutse saboda ni, ba ni ba shi har gaban Yesu." Ya sauka, amma ba su watse ba. Gidanmu yana tsakiya.

Uban yarinyar ya shigo ta ƙofar titi, ba ta kafar danga ba. Wannan mutum tun yana yaro Mama yake ce wa mahaifiyarmu, a kwanonmu ya ci gwate ba sau ɗaya ba. Ranar bai ce Mama ba. Ya ce, "Ina yake?"

"Yana ɗaki. Ni na kulle shi."

"Ki buɗe."

"Ba zan buɗe ba sai ubanka ya zo."

Mutane suka cika ƙofa a bayansa, wasu suka hau duwatsu suna leƙowa ta saman danga. A nan ne Baba Malam ya iso, da ƙunshin zare a hannu, yana haki. Ya kutsa ya shigo, ya jawo wata tsohuwa mai ƙosai da ta ga raunin yarinyar da idonta kafin a tafi da ita, sannan ya tura ƙofar ya jingina bayansa da ita. Bai gaishe mu ba. Ya dubi wuƙar da ke kan turmi, ya dubi jinin da ke ƙasa, sannan ya dubi Mama.

Ta ce, "Baba Malam, ɗana bai taɓa jikarka ba. Ban gani da ido ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka saurari abin da wannan ta ji."

Na faɗa a jere, kamar yadda na faɗa a nan. Ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce, "Wanne ya riga, ihun kaza ko na yarinya?" Na ce, "Na kaza, Baba." Mama ta ce yarinyar ɗan tsako ta kama, zakara kuma ya tashi ya sare ta da ƙaimi, wato tsinin nan da ke bayan ƙafarsa. Ta ce ta taɓa ganin ya yi wa kare haka.

Uban yarinyar ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ya ce, "Jatau? Jataun da ke kwana a gindin keken Baba? Wanda yarinyar nan ke jan wutsiyarsa kullum?" Ya taka ya je ya ɗauke shi da hannu ɗaya. Jatau bai ko motsa ba, sai ma ya gyara zama a hammatarsa. Ya juya shi ya ɗaga ƙafafunsa sama domin kowa ya gani. Babu jini, sai taɓon kwata. Ya ɗaga shi wajen masu leƙe ya ce, "Ga mai laifin nan, jama'a! Ga wanda ya yanke mini 'ya!"

Aka ɗauka daga waje. "Ƙarya ce!" "A fito da shi!" "Sun raina mu!" Duk unguwar ta san Jatau. Da mugun zakara ne, da an yarda tun da farko. Halinsa na kirki shi ne ya tsaya shaida a kanmu.

Mama ta ce, "Ajiye shi." Ya sake shi. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta je inda wake-waken take da 'ya'yanta, ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta sunkuyar da fuskarta daidai tsayin yarinya. Ta miƙa hannu ta cafko ɗan tsako ɗaya. Ya yi kuka, uwar ta yi ihu ta buɗe fukafukai. Jatau ya taho a guje, gashin wuyansa a tashe. Na rufe bakina da hannu. Ya zo daf da ita, ya ja ya tsaya. Ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya. Ya zagaya ta. Mama ta ƙara matse ɗan tsakon, tana cewa ƙasa-ƙasa da yarenmu, "Zo mana, zo." Gashin wuyansa ya kwanta. Ya tsinci wani abu a gefen gwiwarta, ya ajiye mata.

Wani ya ce daga saman danga, "To, an gani." Dutse ya sauka a kan kwanon rufinmu, sai wani ya biyo shi. Daga bayan gida, wajen samarin coci, aka amsa da ihu. Yaya ya fara dukan ƙofa daga ciki yana cewa, "Mama, buɗe! Buɗe in fita, su yi abin da za su yi da ni su bar gidan!" Mama tana durƙushe, ba ta tashi ba, ɗan tsakon na hannunta. A lokacin ne iska ta kawo mini warin kananzir daga wajen titi. Na san Baba Malam ma ya ji, domin na ga ya ɗaga hanci.

Ya bar jikin ƙofa. Ya cire hularsa, ya cire tabarau, ya haɗa da ƙunshin zaren ya miƙa wa ɗansa. "Riƙe mini."

"Baba, me za ka yi?"

"Abin da ya kamata ka yi kafin ka tara mini gari a ƙofar maƙwabta." Ya juya ga Mama. "Maman yara, tashi. Ke uwarsa ce, ba zai taɓa ki ba. Ni abokinsa ne kawai."

Tsoho ne mai ciwon gwiwa, sai da ya dafa turmi kafin ya kai ƙasa. Ya durƙusa, ya ga bai yi ƙasa sosai ba, ya dafa hannu ɗaya ya ƙara sunkuyawa, yana cewa jikarsa ba ta kai nan ba. Hayaniyar waje ta ragu, domin na saman danga suna gaya wa na ƙasa abin da ke faruwa. Ɗansa ya ce, "Baba, idonka." Bai kula shi ba. Ya yi bisimilla, ya damƙi ɗan tsako da dukan tafin hannu, irin damƙar da yaro ke yi.

Ɗan tsako ya yi kuka. Kaza ta yi ihu. Ban ga lokacin da Jatau ya bar ƙasa ba. Na dai ga wuyansa ya buɗe kamar lema, ƙafafu biyu a gaba, sannan na ji faf-faf-faf ɗin nan, ita ce dai ta ɗazu. Baba Malam ya faɗi gefe ɗaya, ɗan tsakon ya suɓuce ya ruga wurin uwarsa. Da ya ɗago, akwai tsaga siririya daga gefen goshinsa zuwa kunci, fara da farko, sannan ta cika da jini, ya gangara cikin farin gemunsa.

Jatau ya girgiza jiki, ya taka a hankali zuwa bakin kwata, ya sa ƙafa a taɓo ya fara tono, yana kiran kaji da 'yar muryar nan. Kowa yana kallo ƙaimin ya ɓace cikin taɓo.

Mai ƙosai ta matso ta leƙa fuskar tsohon. Ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu. Irinta ce sak. Wallahi irinta ce."

Baba Malam bai yarda a goge masa ba. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe, ya je ya buɗe ƙofar titi da kansa, ya tsaya a bakinta babu hula, jini na ɗiga a gaban rigarsa. Ya bari suka dube shi da kyau. Sannan ya ce, "Wanda ya yanki jikata shi ne ya yanke ni. Yana ciki yana tono a kwata, mai son faɗa da shi ya shigo, amma ɗaya-ɗaya, ku yi masa adalci." Babu wanda ya motsa. Ya ce, "Wanda kuma ya zo da kananzir, ya kai wa matarsa. Na san tun jiya take nema." Wani ya yi dariya daga baya, sai wani. Ba a watse nan take ba. An daɗe ana tsaye ana maganganu, wasu kamar ma ba su ji daɗin yadda abin ya ƙare ba. Amma na gefe suka fara sulalewa, na tsakiya suka ga bayansu ya yi sauƙi, su ma suka bi. Mama ta fita ta baya ta sallami namu da kanta.

Uban yarinyar yana nan tsaye a tsakar gida da hula da tabarau da zare a hannu, bai san inda zai ajiye su ba. Can ya ce, "Mama, akwai ruwan zafi?" Ta ce akwai, ta ce in kawo da gishiri da tsumma mai tsabta. Muna cikin wanke wa Baba Malam raunin sai uban yarinyar ya zabura ya nufi Jatau zai murɗe masa wuya. Baba Malam ya ce, "Kai! Bar shi. Ba a yanka da fushi, balle a murɗe. 'Ya'yansa aka taɓa. Kai da aka taɓa taka, me ka yi?" Mama ta kwance makulli ta buɗe wa Yaya. Shi da uban yarinyar ba su dubi juna ba. Ban ji wani ya nemi gafara ba, a ranar ko bayanta.

Na sha tunanin zakaran nan a shekarun da suka biyo. Ba munafuki ba ne. Geron da yake ci a hannun Baba Malam da gaske yake ci, rakiyar baƙi ma da gaske yake yi. Mu ne muka ga yana son mutane muka ɗauka ya daina zama zakara. Mama ta san iyakarsa, shi ya sa ba ta taɓa 'yan tsaki sai ya hau bishiya da magariba, amma ba ta taɓa tunanin gaya wa kowa ba, domin a wurinta abu ne da kowa ya sani. Bara na je Kafanchan jana'iza, na sa mai babur ya bi da ni ta layin. An sayar da gidanmu tuntuni. Inda dangar take yanzu katangar bulo ce mai tsawo, da fasassun kwalabe a samanta. Na tsaya na saurara. Janareta na ji, da rediyon mai shago. Ko kaza ɗaya ban gani a layin ba. Jikana kuwa, amsar da na ba shi daga baya ita ce, zakara ba ya cizo, yana iya cin abinci a hannunka, amma kada ka taɓa 'ya'yan kaza a gabansa.

A waccan shekarar dai, da jajiberin Kirsimeti da safe Mama ta aike ni in kira Baba Malam kamar kullum. Ya ratso ta kafar da wuƙarsa, da filasta a kunci. Mama ba ta taɓa niyyar yanka Jatau ba, shi ne uban garkenta, amma shi ta nuna. Baba Malam ya ce, "Maman yara, ba dole ba ne. Ga baƙar kazar can ta daina ƙwai." Ta ce, "Yarinya za ta sake shigowa gidan nan. Ba na so ta shigo tana waige-waige." Ba a sha wahalar kama shi ba. Da ya ga Baba Malam, shi ya tako da kansa ya tsaya a gabansa yana duban aljihu. Tsohon ya zaro gero ya ba shi a tafin hannu, ya jira ya cinye, ya ba shi ruwa. Mama ce ta riƙe ƙafafun. Washegari na kai musu langar shinkafa da miya, ta dawo da goro a ciki kamar kowace shekara. Mama ba ta ci naman ba.

An yi wa yarinyar ɗinki, kuma idon bai taɓu ba, sai tabon da ya raba mata gira. Yaya ya koma Kagoro wurin kawunmu kafin damina, can ya yi aure. Bayan sabuwar shekara uban yarinyar ya toshe kafar da fallen kwano daga ɓangarensu, ya ce saboda kaji ne, kuma babu wanda ya musa. Baba Malam ya ci gaba da yanka mana kazar Kirsimeti har shekarar da ya rasu, amma ta ƙofar titi yake zagayowa.